Waya da Kwamfuta a Lokacin Guguwar Dusar Ƙanƙara: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan makon na 'yan'uwa mazauna Amurka da Kanada ne, inda hunturu ya kankama.

Tambaya: Ina karatu a Minnesota. Wayata tana kan kashi 40, da na fita waje sai ta mutu, in na shigo ɗaki ta farfaɗo. Batirin ya lalace ne?

Amsa: Lafiyarsa ƙalau, sanyi ne ke hana shi fitar da wuta. Apple ma ta ce wayoyinta daga digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyos aka yi su su yi aiki. Sa ta a aljihun ciki kusa da jikinka, ka rage ɗaukar hoton ƙanƙara don 'yan gida su gani. Kada ka jona ta a caji tana ƙasa da sifili, domin sinadarin litiyom yana daskarewa a cikin batirin, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa. Ba ta rabin sa'a a ɗaki tukuna, nesa da hita.

Tambaya: Ina Buffalo da iyalina. In aka ɗauke wuta, zan iya tada mota a gareji in yi cajin wayoyi, ko in kunna ƙaramin janareta a can, tunda waje akwai ƙanƙara?

Amsa: Malam, don Allah kada ka kuskura. Wannan tambayar ita ce ta fi tayar mini da hankali duk shekara, kuma daga mutanen da suka taso da janareta take zuwa, waɗanda suka sha jin labarin hayaƙinsa ya hallaka gida guda a Najeriya. A can ma tagogi a buɗe suke. Gidanka na Buffalo an toshe masa kowace kafa don kada zafi ya fita, saboda haka abin da ya shiga ba ya fita.

Iskar kabon monoksaid, gubar da ke cikin hayaƙin mota da janareta, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Ɗaga ƙofar gareji bai wadatar ba, tana bi ta ƙofar ciki ta shiga ɗakuna. A watan Fabrairun 2021, da wuta ta ɗauke a Texas, ɗaruruwan mutane aka kai asibiti saboda ita. A garinku kuma, guguwar Disambar 2022 ta kashe mutane da dama, wasu a cikin motocinsu aka same su.

Janareta a fili ake ajiye shi, aƙalla ƙafa 20, wato mita 6, daga ƙofa da taga, bakin hayaƙinsa yana kallon nesa da gida. Kada ka jona shi a soket ɗin bango, wutar tana komawa layi ta kama ma'aikacin da ke gyara. In da mota za ka yi caji, fito da ita waje, share ƙanƙarar da ta toshe salansa, sassauta gilashi kaɗan, ka bar injin minti 10 kawai a kowace sa'a. Duba bututun hayaƙin na'urar ɗumama gida ma, ƙanƙara na rufe shi. Sannan ka sayi na'urar gargaɗin kabon monoksaid mai batir, ka kafa kusa da ɗakin yara yau ɗin nan. In ta yi ƙara, kowa ya fita, a kira 911 daga waje.

Tambaya: Daga Toronto. Wane fawa-bank zan saya? Ina da mai 10,000mAh.

Amsa: Hajiya, lambar mAh da ke jikin kwali yawan wutar da yake riƙewa ce, amma ba duka ke isa waya ba, wajen kashi ɗaya cikin uku yana salwanta a hanya. Naki sau ɗaya da 'yan kai zai cika waya mai 5,000mAh. Ƙara mai 20,000, ki cika su tun ana gobe. Laftof ma ki cika ta, waya na iya sha daga jikinta.

Tambaya: Kwamfutar tebur da na'urar wayfai fa?

Amsa: Da wuta ta fara rawa, kashe kwamfuta ka zare ta daga bango, dawowar wuta da ƙarfi ce ke ƙona kaya. Na'urar wayfai wajen watt 10 take ci, ƙaramin UPS, wato batirin da ke ba da wuta in an ɗauke, zai riƙe ta, sai dai in layin intanet na unguwa ya mutu, ba abin da zai yi maka.

Tambaya: Ta yaya zan ci gaba da samun labari in sabis ya yi rauni?

Amsa: Koma saƙon tes, yana ratsawa a inda kiran WhatsApp ke tsinkewa. Shiga saitin sanarwa ka kunna gargaɗin gaggawa na gwamnati, wanda da yawanku kuka kashe don ya tashe ku barci sau ɗaya. Sauke taswirar garinku a Google Maps tun da wayfai, rage hasken fuskar waya, kunna tsarin tattalin batir. Lambar kamfanin wuta, ta mai gidan haya da ta maƙwabci ɗaya kuwa, rubuta su a takarda ka liƙa a jikin firij.