Sunan Dabba da Shaidarta: Amsoshi ga Masu Kiwo

Tambayoyin da suka taru a wannan karon duk a kan raɗa wa dabbobi suna ne. Wasu na ɗaukar abin wasan yara, alhali suna kayan aiki ne kamar igiya da turke. Da shi ake sarrafa dabba, da shi ake sanin wadda aka yi wa allura da wadda aka tsallake.

Daga wani manomi a yankin Funtuwa: Na sayi bijimai biyu zan hora su huɗa. Wane irin suna ya dace?

Malam, kunnen sa za ka duba, ba daɗin sunan a bakinka ba. Sa ba ya gane ma'anar kalma, amo yake riƙewa. Don haka suna ya zama gajere, gaɓa biyu, wanda za ka iya ɗaga murya da shi daga bayan garma ba tare da numfashi ya yanke ba. Sunayen biyu kuma su yi nisa da juna a kunne. Dogo da Wule sun yi. Dogo da Gogo ba su yi ba, domin idan ka kira ɗaya duka biyun za su motsa, kunya ta karkace. Kada kuma suna ya yi kama da kalmar da kake tsayar da su ko juya su da ita.

A fara horo suna shekara biyu da rabi zuwa uku, kuma wata biyu ko uku kafin ruwan shuka, ba ranar da hadari ya haɗu ba. Makon farko aikinka ɗaya ne: ka je wa kowane sa shi kaɗai da tafin dusa da ɗan gishiri, ka kira sunansa sau biyu, ka ba shi, safe da yamma. Mako na biyu ka ja shi da igiya, suna a gaba umarni a baya: "Dogo, tsaya." A na uku a ɗora karkiya su ja gungume, a na huɗu a sa garma a ƙasa mai laushi. Aikin kullum da sanyin safiya, awa ɗaya zuwa biyu ya wadatar. Wanda ya fara a dama ya zauna a dama har ƙarshen aikinsa.

Abin da ke ɓata horo sananne ne. Wani sai ya kira suna ya bi shi da bulala, ko ya kira sa don a kayar da shi a yi masa allura. Bayan sau uku ko huɗu, sa na jin sunan zai ja da baya. Wani gidan kuma maigida da nasa sunan, yara da nasu, ɗan ƙwadago da nasa. A tsayar da ɗaya. Idan horarrun shanu ka saya, kada ka bar kara sai ka tambayi mai su sunan kowanne, ɓangaren da yake tsayawa, da kalmomin da aka hore su da su. Bijimin da aka hora da Fulatanci ba taurin kai yake maka ba, bai san abin da kake faɗa ba ne.

Daga wata mai kiwo a Maraɗi: Awakina jajaye ne, sun kai 40, duk kamarsu ɗaya. Na daina gane 'yar wace ce wace.

Hajiya, a nan suna shi kaɗai ba zai fisshe ki ba, sai an haɗa shi da lamba da littafi. Amma ki fara da dabarar da Fulani Bororo suka daɗe a kanta a Nijar: a wurinsu abin da saniya ta haifa sunan uwarsa yake gada, jika ma haka, sai garke ya kasu gida-gida ta tsatson uwa. Makiyayi na jin sunan ya san gidan masu nono ne ko gidan masu jure tafiya.

Ki yi haka da awakinki. Ki ware manyan iyaye, ki ba kowacce suna daga abin da ido ke gani ko inda aka sayo ta: Gunduma, Mai Geza, Tsage, 'Yar Dakoro. Duk abin da Tsage ta haifa gidan Tsage ne. Lamba kuma ta ɗauki shekarar haihuwa da jeri: 25-07 na nufin ta bakwai da aka haifa a 2025. A littafi sai ki rubuta "Tsage 25-07", ranar haihuwa, uban da ya yi barbara, ɗaya aka haifa ko tagwaye. Lambar da ta mutu ko aka sayar kada a sake ba wata, domin tarihin biyu zai cakuɗe.

Ɗankunnen roba mai lamba ana samunsa a shagunan maganin dabbobi tare da filayar maƙala shi. A tsakiyar kunne ake sa shi, tsakanin jijiyoyin guringuntsi biyu da za ki ji da yatsa. In ya yi kusa da kai zai matse kunne ya ruɓe, in ya yi baki-baki ƙaya za ta fizge shi ta tsaga kunnen. A goge wurin da aidin kafin da bayan hudawa, a duba bayan kwana uku saboda ƙuda, musamman da damina. Mata a kunnen hagu, maza a dama, sai ki gane jinsi daga nesa. Igiyar wuya mai launi tana taimakawa wajen raba gidaje, sai dai tana tsinkewa, ba a dogara da ita.

Amfanin wannan wahala yana fitowa ne a wurin barbara. Cikin akuya kwana 150 yake ɗauka, wata biyar ke nan, kuma 'yarta tana iya ɗaukar ciki tun ba ta cika shekara ba. Ke nan bunsurun da ya wuce shekara guda a garke ya kusa fara hawan 'ya'yansa, daga nan kuma sai ƙananan 'ya'ya, raguwar nono da yawan mace-mace. Littafi ne zai faɗa miki ranar da za ki musanya shi da na wani gari. Bunsuru ɗaya ya ishi awaki 25 zuwa 30; sauran mazan a dandaƙe su kafin wata uku. Haka kuma idan gida ɗaya ya cika ɓari ko haihuwar ɗaya-ɗaya, daga nan za ki fara ɗiba ranar da buƙatar kuɗi ta taso, ba daga gidan masu tagwaye ba.

Daga Zariya: Ya halatta a sa wa dabba suna? Idan sunan mutum ne fa?

Raɗa wa dabba suna abu ne da ya tabbata tun zamanin Annabi (SAW): taguwarsa Ƙaswa'u, alfadararsa Duldul, jakinsa Ufairu. Sunayen Allah da na annabawa kam a nisance su.

Sunan mutane matsalarsa ta zaman tare ce. Ka sa wa akuya Ladi don an haife ta ranar Lahadi, ga Ladi a maƙwabta, ranar da akuyar ta ci hatsin wani aka bi ta da zagi, sai an je gaban mai unguwa. Ko sunan ya dace da na suruki ko ɗan fari, matar gida ta kasa kiran dabbar da ita ce ke ba ta dusa. Sunan habaici da ake yi don kishiya ta ji, shi ma rigima yake sayowa. Hausa ba ta rasa sunayen dabbobi ba: a dawakai akwai akawal ga baƙi, kili ga fari, ga danda, bidi, gunya da hurde, a jakai akwai aura, idabari da duni. A tumaki ma Uda, Balami da 'Yankasa sun isa mafari.

Wai gaskiya ne saniya mai suna ta fi ba da nono?

Maganar ta samo asali ne daga binciken Jami'ar Newcastle ta Ingila a 2009, inda aka tambayi masu shanun tatsa 516. Garkunan da ake kiran shanu da suna sun fi sauran da kimanin lita 258 ga kowace saniya a zangon tatsa guda. Ba sunan ne ke kawo nono ba. Mai kiran saniya da suna shi ne mai lura da ita, kuma saniyar da ta firgita takan riƙe nono. Waɗancan shanun Turai ne masu yawan nono, kada mai Bunaji ko Bokolo ya sa ran wannan adadi. Abin ɗauka shi ne mai tatsa ɗaya, lokaci ɗaya, ba duka ba tsawa.

Daga Gusau: Zan ba makiyayi amanar karsana uku. Suna ya isa shaida?

Bai isa ba, Alhaji. Saniya kan amsa kiran wanda ta saba da shi, kuma bayan damina biyu a ruga muryar makiyayi za ta sani, ba taka ba. Kafin su bar gida ka ɗauki kowacce hoto huɗu da waya: dama, hagu, goshi da ƙaho, sai baya. Ka rubuta suna, launi, yanayin ƙaho, tabo ko tsagar kunne, da yawan haƙoran da ta fitar. A yi takarda biyu gaban shaidu, a fayyace rabon abin da za a haifa da yadda za a sanar da kai in wata ta mutu. Rasit na kara a adana shi tare da takardar. Duk maraƙin da aka haifa a shigar da shi ƙarƙashin sunan uwarsa cikin watan farko, domin rikicin amana yawanci a kan 'ya'ya yake tashi. Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki, lissafin ba wuya.

In za a yi lalas, wato tambari da ƙarfe mai zafi, ban da fuska, hadisi ya hana. Ban da haƙarƙari da gadon baya kuma, nan ne tsadar fata take, majema suna rage kuɗin fata mai tambari a tsakiya. Ƙasan cinya ya fi, da ƙaramin ƙarfe, a kan busasshen gashi.

Kaji da ragunan turke fa?

Kaji rukuni ake sa wa suna, da ranar shigowarsu: "rukunin 3 ga Maris", a rubuta a ƙofar keji tare da ranakun riga-kafi. Na gida masu yawo, zare mai launi a ƙafa ya isa, sai a riƙa sassauta shi yayin da kaza ke girma don kada ya shige nama.

Ragon da za a turke wata uku zuwa huɗu don kasuwar Sallah lamba ta fi masa, musamman a gidan da yara ke shaƙuwa da dabba. A rubuta ta da fenti a ƙaho ko a jikin turke, a buɗe masa layi a littafi: kuɗin saye, dusa, harawa, magani. Ranar allurar ƙarshe ita ce mafi muhimmanci a layin, domin kowane magani yana da kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba da za a jira kafin yanka, kuma daga wannan ranar ake fara ƙirga.