Zaman ƙasar waje: amsoshin tambayoyinku kan takardu, haya da aika kuɗi

Wasiƙun wannan makon sun fito ne daga masu shirin ƙaura da waɗanda ba su daɗe da sauka a wata ƙasa ba. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunaye. Dokoki suna sauyawa, don haka duk wa'adin da muka ambata a sake duba shi a shafin hukumar da abin ya shafa kafin a biya kuɗi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu aiki a ƙasar waje, iyalina za su biyo ni bayan wata shida. Wani ejan ya ce in ba shi takardar aurenmu, ta haihuwar yara da shaidar karatuna, zai fassara su ya buga musu hatimi duka a farashi ɗaya. In ba shi, ko in bi da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka miƙa wa kowa takarda, nemi jerin abubuwan da ofishin da zai karɓe su yake so, a rubuce. Wannan jerin shi zai nuna maka abin da za ka biya wa kuɗi da abin da ba ka buƙata sam.

Hanyar tantance takarda iri biyu ce. Akwai hatimin da ake kira afostil, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar da aka ƙulla a ƙasar Holan a 1961, kuma ƙasashe fiye da 120 sun shiga cikinta. Saudiyya ta shiga a 2022, Sin a 2023, Kanada a 2024. Idan ƙasar da ta ba da takardar da wadda za ka je duk suna ciki, kuma suna karɓar na juna, hatimi ɗaya ya wadatar, kuma ƙasar da ta ba da takardar ce take buga shi. Idan ɗaya ba ta ciki, sai doguwar hanya: ofishin da ya fitar da takardar ya tabbatar da ita, ma'aikatar harkokin waje ta buga nata, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka je ya buga na ƙarshe. Kowane mataki yana tabbatar da sa hannun na gabansa ne, shi ya sa idan aka tsallake ɗaya, na gaba zai mayar da kai baya.

Inda aka fi asarar kuɗi shi ne fassara. Mutane suna fara fassarawa sannan su nemi hatimi, alhali hatimin ma yana cikin abin da ake so a fassara. A buga hatimi tukuna. Bayan haka, ƙasashe irin su Jamus, Faransa da Sifaniya yawanci suna son aikin mai fassarar da ya yi rantsuwa kuma hukumominsu suka san da shi. Fassarar da ejan ya yi maka a gida, kome kyanta, ana iya ƙin karɓarta, ka sake biya a can. Takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sanda kuwa tana da gajeren rai, ofisoshi da yawa ba sa karɓar wadda ta wuce wata uku ko shida. Tun da iyalinka sai bayan wata shida za su taso, kada a karɓi tasu yanzu.

Abin da ya fi duk waɗannan jawo jinkiri shi ne suna. Shimfiɗa takardun a kan tabarma ko teburi, ka buɗe fasfo, ka dubi layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto masu cike da alamomi, waɗanda na'ura take karantawa. Yadda aka jera sunan a wurin, shi ne sunanka a idon hukuma. Idan fasfo ya ce Muhammad, shaidar makaranta ta ce Mohammed, takardar aure kuma ta bar sunan tsakiya, jami'in da ke gabanka yana da damar ɗaukarsu mutum uku. Gyara wannan tun kana gida, ko a ofishin da ya yi kuskuren, ko da takardar rantsuwa daga kotu da ke cewa duk sunayen na mutum ɗaya ne. Ka lura da kwanan wata ma: a Amurka wata ake fara rubutawa, don haka 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne, a Turai kuma 3 ga Afrilu. Kada kuma ka manne takardar asali a cikin roba, domin ofisoshi da yawa ba sa buga hatimi a kan wadda aka manne.

Game da ejan, amfaninsa ɗaya ne: zirga-zirga tsakanin ofisoshi idan kana nesa. In za ka ɗauke shi, ya ba ka rasidin kowane ofishi dabam da ladan aikinsa, kuma ka riƙe kwafin kowace takarda kafin ta bar hannunka. Wanda ya ce zai samo hatimi ba tare da takardar asali ba, rabu da shi. Hatimin jabu kan jawo a hana mutum biza shekaru.

Tambaya: Izinin zamana zai ƙare nan da wata uku, fasfona kuma saura wata bakwai. Ina so in je gida ganin mahaifiyata. Wanne zan fara sabuntawa?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Nemi ranar ganawa a ofishin jakadancin ƙasarku don sabon fasfo yau ɗin nan, domin ƙasashe da yawa ba sa ba da izinin zama da ya zarce wa'adin fasfo. Idan kika kai mai saura wata bakwai, za a iya ba ki izinin wata bakwai, ki sake biya. Amma kada jiran fasfo ya sa wa'adin izinin ya wuce ki. Idan lokaci ya ƙure, shigar da buƙatar da tsohon fasfon, ki haɗa da shaidar cewa kin nemi sabo. A Jamus da Birtaniya, wanda ya shigar da buƙata kafin izininsa ya ƙare yana nan bisa doka har a yanke hukunci. Wanda ya makara ko da kwana ɗaya ne yana iya rasa wannan kariyar.

Tafiyar ce ke buƙatar hattara. A Birtaniya, idan kika fita ƙasar alhali buƙatarki tana gabansu, ana ɗaukar kin janye ta. A Jamus akan ba da takardar wucin gadi, kuma ba kowace irinta ce ke ba ki damar sake shiga ƙasar ba, sai ki tambaya a ofishin kafin ki sayi tikiti. Shawararmu: ko ki je ki dawo da wuri yanzu da izinin yake da sauran kwana, ko ki jira sabon ya fito. In za ki sayi tikiti, ƙara ɗan kuɗi ki ɗauki wanda ake iya canja masa rana. Ki sani kuma doguwar zama a waje tana kashe izini: na Jamus yakan mutu bayan wata shida, na dindindin na Birtaniya bayan shekara biyu. Tsohon fasfo kuma a adana shi, domin bizar Amurka da ke cikinsa tana aiki har wa'adinta ya cika idan aka nuna shi tare da sabon.

Tambaya: Banki ya ce sai na kawo shaidar adireshi, mai gida ya ce sai ina da asusu, wurin aiki kuma suna jiran lambar asusun. Ta ina zan fara? Na ga wani gida mai sauƙi a intanet, mai shi ya ce in tura kuɗin jingina ya aiko mini da makulli.

Amsa: Mu fara da gidan nan: kada ka tura ko sisi. Mai gida da ya ce ya yi tafiya, a tura kuɗi ya aiko makulli, tsohuwar damfara ce da ake yi wa baƙi. Sai ka shiga gidan da ƙafarka, ko wanda ka amince da shi ya shiga, an kuma sa hannu a yarjejeniya.

Adireshi ne bakin zaren. Kama ɗaki na wucin gadi na wata ɗaya ko biyu, amma kafin ka biya ka tambaya ko za su ba ka takardar da za ka yi rajistar adireshi da ita, don ba kowane masauki yake bayarwa ba. Ko ya fi tsada kaɗan, shi ne mai arha. A Jamus doka ta ba ka kwana 14 bayan tarewa ka yi rajista, da takardar tabbaci daga mai gida, daga nan lambar harajinka ta zo ta gidan waya. Ka liƙa sunanka a akwatin wasiƙu tun ranar farko, domin a can da suna ake raba wasiƙa, in babu sai ta koma, kai kuma kana zaune kana jira. A ƙasashen Tarayyar Turai, duk mai zama bisa doka yana da haƙƙin buɗe asusu na yau da kullum, ƙarƙashin dokar 2014. Idan ma'aikacin banki ya ƙi, ka ce wannan asusun kake nema, ka kuma roƙi amsa a rubuce.

Kuɗin jingina yana da iyaka a wurare da dama. A Jamus bai wuce hayar wata uku ba, ban da kuɗin ruwa da ɗumama gida, kuma kana iya biya kashi uku. A Faransa wata ɗaya ne ga gidan da babu kaya, wata biyu ga mai kaya. A Ingila mako biyar ne ga yawancin gidaje, kuma dole mai gida ya ajiye shi a tsarin da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Ranar karɓar makulli ɗauki hoton kowane tabo a bango, tsagewar tayil, cikin firij, da lambar da mita ke nunawa, ka tura wa mai gidan ta imel a ranar. Wannan hoton ne zai dawo maka da kuɗinka ranar fita. Idan zamanka bai kai shekara ba, gida mai kaya ya fi. In ya fi haka, kama wanda babu kaya ka sayi na hannu, amma ka tambaya ko akwai kayan kicin, don a Jamus ana ba da haya babu ko murhu.

Tambaya: Wace hanya ce ta fi arha wajen aika kuɗi gida? Wani kamfani yana tallar cewa ba ya cajin kome.

Amsa: Malam, lamba ɗaya za ka duba: nawa zai shiga hannun wanda ka aika wa. Kamfani yana cin riba ta ƙofa biyu, kuɗin aikawa da farashin canji. A ce za ka aika 500. Na farko bai caje ka kome ba, amma canjinsa ya gaza na kasuwa da kashi 3 cikin ɗari, ka yi asarar 15 ke nan. Na biyu ya caji 4, ya ba ka canjin kasuwa. Na biyun ya fi. Gwada kamfani uku a lokaci guda, da adadi guda, ka tabbata kuma kamfanin yana da lasisi a ƙasar da kake. Aika ta banki zuwa banki ta fi dacewa da manyan kuɗi, sai dai bankunan da ke tsakani kan yanki nasu a hanya.

Idan tsabar kuɗi za ka ɗauka, wanda ya shiga ko ya fita Tarayyar Turai da Yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana, a Amurka kuma abin da ya haura Dala 10,000. Bayyanawa kyauta ce, ɓoyewa ce ke sa a ƙwace.

Tambaya: Na haura shekara sittin, zan je in zauna wurin ɗana. Inshorar tafiya da aka saya mini don biza ta isa?

Amsa: Baba, Allah ya kai ku lafiya. Wannan inshorar ta gaggawa ce kuma ta ɗan lokaci. Bizar ziyara ta yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, tana buƙatar wadda ta kai Yuro 30,000, amma an yi ta ne don haɗari ko ciwon da ya taso kwatsam. Maganin hawan jini ko ciwon suga da kuka daɗe kuna sha yawanci ba ya ciki. Don dogon zama, ɗanku ya fara bincika ko nau'in izininku ya ba ku damar shiga tsarin lafiya na ƙasar. In sai an saya daga kamfani, a karanta wurare huɗu: cutar da ake da ita tun da, tsawon jiran da ake yi kafin inshorar ta fara biya, adadin da za ku biya daga aljihu kafin kamfani ya karɓa, da kuɗin mayar da mara lafiya gida. A fom ɗin a faɗi kowace cuta, domin ɓoye ta shi ne babban dalilin da kamfani ke kafawa ya ƙi biya a ranar da aka fi buƙata. Ku tafi da takardar likita mai ɗauke da ainihin sunan sinadarin kowane magani, don sunan kasuwa yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, maganin kuma ya zauna a kwalinsa na asali.

Tambaya: Na ga ana sayar da lasisin tuƙi na duniya a intanet, mai shekara goma. In saya? Kuma in tafi da kayan wutana ko in saya a can?

Amsa: Kada ki saya, Malama. Takardar tuƙi ta ƙasa da ƙasa fassarar lasisinki ce kawai, ba ta aiki sai tare da shi, kuma hukumar da ƙasar da ta ba ki lasisi ta amince da ita ce ke bayarwa. Wadda aka bayar bisa yarjejeniyar ƙasashe ta 1949 shekara ɗaya take yi, ta 1968 ba ta wuce uku ba. Da zarar kin zama mazauniya, lissafi ya sauya: lasisin da ba na Turai ba yana aiki wata shida a Jamus, wata 12 a Birtaniya, daga nan sai musanya ko jarrabawa. Yi rajistar makarantar tuƙi da wuri, layin jarrabawa yakan yi tsawo.

Kayan wuta kuwa, juya cajar ki karanta ƙananan rubutun. Idan an rubuta 100–240V, kamar yawancin cajar waya da kwamfuta, kan fulogi kawai za ki canja. Dutsen guga, injin markaɗe da na'urar busar da gashi galibi wuta iri ɗaya suke ɗauka. Na 120, irin na Amurka da Kanada, zai ƙone a soket ɗin Turai mai 230, na 230 kuma ba zai yi ƙarfi a Amurka ba. Taransifomar da za ta ɗauki dutsen guga ta fi dutsen nauyi da tsada, don haka waɗannan ki bar su ki saya a can. Wayarki ma ki tabbata ba a kulle take da layin kamfani ɗaya ba, kuma ki bar tsohon layinki a raye, domin ta nan bankinki na gida zai riƙa turo lambar sirri.