Kalmar sirri ɗaya a kwamfutoci takwas: akwai haɗari?

Tambaya: Malam, ni ke kula da kwamfutoci takwas a ofishinmu, duk Windows. Na sa wa asusun Administrator (asusun mai cikakken iko a kan kwamfuta) na kowacce kalmar sirri iri ɗaya don kada in manta. Kalmar doguwa ce, mai wuyar cinka. Da matsala?

Amsa: Da matsala, ɗan'uwa, kuma tsawon kalmar ba zai hana ta ba.

Windows ba ta ajiye kalmar yadda ka rubuta ta. Tana mayar da ita wani jerin lambobi da haruffa 32 da ake kira NT hash, ta adana a wani fayil nata mai suna SAM. Kalma ɗaya jeri ɗaya take haifarwa a kowace kwamfuta. To, da zarar mai kutse ya samu cikakken iko a guda ɗaya, ta filashi mai cuta ko fayil ɗin imel da wani ya buɗe, sai ya ciro jerin da manhajar ciro bayanan shiga irin Mimikatz, ya miƙa wa sauran bakwai ta hanyar sadarwar ofis. Su kuwa su buɗe masa, ko kalmar bai sani ba. Satar bayanan shiga irin wannan na cikin hanyoyin da cutar kwamfuta mai suna NotPetya ta bi a Yunin 2017, har ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk.

Don haka kowace kwamfuta ta samu kalmar sirri tata. Idan kuna da Active Directory ko Entra ID (tsarin Microsoft na kula da asusun ma'aikata da kwamfutocin ofis daga wuri guda), kunna manhajar Windows LAPS, wadda ke cikin Windows 10 da 11 tun Afrilun 2023: ita za ta ƙirƙiro wa kowacce kalma daban, ta riƙa sauya ta duk kwana 30. Idan babu, manhajojin adana kalmomin sirri irin KeePass ko Bitwarden su ƙirƙiro maka masu haruffa 16 zuwa sama, ka ajiye kowacce da sunan kwamfutarta. Ko littafi a kulle cikin durowa ya fi yadda ake yanzu. Ma'aikata kuma su yi aiki da asusun da ba shi da ikon girka manhaja, sannan ka kashe Remote Desktop (hanyar shiga kwamfuta daga nesa) inda ba a bukatarsa.

Idan kuma kana da asusun Microsoft naka na kanka da kake shiga da shi a laftof da kwamfutar gida, wannan daban ne, asusu ɗaya ne. Kunna masa tabbatarwa mataki biyu (wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri), ka sa wa kowace na'ura PIN nata, domin PIN ɗin Windows Hello, wato lambar buɗe Windows, a na'urar da aka sa shi kaɗai yake aiki. Amma kada ka kuskura ka shigar da asusun a kwamfutar kafe.