Shin maitokondiriyar ƙwayoyin cutar daji a mace suke?

Ɗan'uwa daga Gusau, tambayarka ita ce me ya sa ƙwayoyin halittar da suka zama cutar daji ke zuƙar sukari fiye da kima, kuma ko hakan na nufin maitokondiriyarsu, wato sashen cikin ƙwaya da ke samar mata da makamashi, ta daina aiki.

Lafiyayyar ƙwaya tana fasa gulukos, wato sukarin da ke cikin jini, sai enzayim (sinadaran da ke hanzarta ayyukan ƙwaya) na maitokondiriya su ƙarasa ƙona shi da iskar oksijin, a samu ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashin ƙwaya, kamar 30 daga gulukos ɗaya. Ƙwayar daji kuwa, ko da akwai oksijin, takan maida yawancin gulukos ɗin wani sinadari mai suna laktet, ta samu ATP 2 kacal a wannan matakin, don haka sai ta zuƙi sukari mai yawa. Shi ya sa enzayim irin su hekzokines na biyu, wanda ke fara sarrafa gulukos kuma yake manne a jikin maitokondiriya, da LDH, mai samar da laktet, suke yawaita. Otto Warburg, masanin Jamus, ya lura da haka tun shekarun 1920, ya ɗauka numfashin ƙwayar, wato ƙona gulukos da oksijin, ne ya lalace.

A nan ɗalibai ke yawan zamewa. A mafi yawan ciwace-ciwacen daji maitokondiriya na aiki, har ƙwayar na amfani da ita wajen samun kayan gina sababbin ƙwayoyi. Lalacewar enzayim na maitokondiriya kamar SDH da FH tana faruwa ne a wasu nau'o'i kaɗan.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa barin sukari na kashe daji. Hanta na ƙera gulukos da kanta, majinyaci ne kawai zai rame. In wani naka ke fama, ka kai shi wurin likita a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Allah Ya ba da lafiya.