Me ya sa hotunan Sallarmu ke fitowa da duhu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Duk Sallah ni ce mai ɗaukar hoto a gidanmu, amma in an zo dubawa sai a ga fuskoki sun yi duhu, fararen kayan su Baba kuma sai ƙyalli kamar an kunna fitila, na yara kuwa duk dishi-dishi. Wayar ce ba ta da kyau ko ni ce ban iya ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Kar ki yi saurin ɗora wa waya laifi, yawanci haske ne ke cutar ki. Kyamarar waya auna hasken duk abin da ke gabanta take yi, to in ta ga su Baba sun sha farar shadda an yi mata bugu tana walƙiya cikin rana, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, kin ga kuwa fatarmu mai duhu ita ke shan wahala. Maganin mai sauƙi ne, kafin ki ɗauka taɓa fuskar mutum a allon wayar, za ki ga wata 'yar alama mai kamar rana, ki ja ta kaɗan har fuskar ta washe, ko aikin wuyan rigar ya ɗan ɓace ba komai, ai ba rigar za a yi kewa ba nan da shekara 20.

Sannan lokacin da muka fi son hoto shi ne mafi muni, wato an sauko daga Idi an ci tuwo rana ta take, kowa ya runtse ido, inuwa ta cika ƙarƙashin ido, gumi ya fara wanke hodar 'yan mata. Ki kai su inuwa, gindin darbejiya mai duhuwar ganye ko bakin zaure, su fuskanci fili ke kuma hasken ya kasance a bayanki. Kuskuren da na fi gani shi ne a jera mutane a falo taga na bayansu, nan kam ko wayar miliyan ce baƙaƙe za su fito. In za a iya haƙuri, hoton dangi gaba ɗaya a bar shi sai bayan la'asar, wallahi bambancin sai kin yi mamaki.

Dishi-dishin nan kuma, fara goge gilashin kyamarar da gefen mayafinki, musamman Babbar Sallah da hannu ke cikin suya, maiƙo ɗan kaɗan ya isa ya mai da hoto kamar hazo. Ki bar jan zum da yatsa, matsa kusa da ƙafarki. Yara ba sa tsayuwa, don haka ki durƙusa daidai tsayinsu ki ɗauki biyar ko shida a jere, ɗaya zai fito tas. Ni na ma daina ce musu su tsaya, hoton yaro yana lissafin kuɗin barka da Sallarsa da sabuwar hula a karkace ya fi min wanda aka jera su kamar 'yan fareti.

Filasha da dare ba ta wuce kamar mita 2 zuwa 3, gara ki matso da mutane kusa da ƙwan lantarki.

Wajen turawa ma ana asara, WhatsApp matse hoto yake yi, amma tun 2023 sun sa maɓallin HD, ki danna shi ko ki tura a matsayin fayil duk da ya fi cin data. Na matan cikin gida kuma a tambaye su tukun kafin a ɗora a Facebook, ba kowace ke so ba, balle wadda aka ɗauka ba mayafi tana bakin murhu.