Idan Ciwon Daji Ya Daina Jin Magani

Wata baiwar Allah daga Agege ta tambaya: Likita, mahaifiyata ta kammala allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, saboda sankarar mama, ƙarin ya motse, amma bayan shekara ya dawo, aka ce maganin farko ba zai ƙara yi mata aiki ba. Ko jabu aka ba ta?

Allah ya ba Mama lafiya. Dawowar ƙari ba hujja ba ce cewa maganin jabu ne. Ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙari ba iri ɗaya ba ne, don haka magani kan kashe masu rauni ya bar 'yan tsiraru masu taurin kai, su kuma su hayayyafa. Wasunsu suna da wani furotin a fatarsu, wanda aka gano a 1976, da ke aiki tamkar injin da muke zuƙe ruwa da shi daga gidajenmu idan damina ta yi ambaliya: magani na shiga, yana fitar da shi waje.

Wani ɗan kasuwa daga Mile 12 ya ce: Na ji an haɗa sinadaran da ke toshe wannan injin. Ana samunsu?

Malam, an daɗe ana ƙoƙari. A 1981 masu bincike a Japan suka nuna cewa verapamil, maganin hawan jini, yana toshe shi, sai dai adadin da ake buƙata yana cutar da zuciya, kuma sinadaran da aka ƙera daga baya, irin su tariquidar, ba su kai ga shiga asibitoci ba. Kada kowa ya sayi verapamil a kemis da wannan niyya.

Nasarar ta ɓullo ta wata hanya, wato ƙera magani daidai da sauyin da ƙwayar ciwon dajin ta yi. Imatinib, da aka amince da shi a Amurka a 2001, ya ceci masu wani nau'in sankarar jini. Da wasu ƙwayoyi suka bijire masa, aka fito da ponatinib a 2012, kodayake yana iya toshe jijiyoyin jini. Haka osimertinib ya zo a 2015 don sankarar huhu. Suna da tsada ƙwarai, kuma sai gwaji ya tabbatar da sauyin kafin a rubuta su.

Wani daga Obalende ya tambaya: Zan iya hutawa daga shan maganin idan na ji sauƙi?

A'a, ɗan'uwa, tsallake magani yana ba ƙwayoyin damar farfaɗowa. Idan kuɗi ko laulayin maganin ne matsalar, ka gaya wa likitanka, ko ka je sashen ciwon daji na asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba.