Jan garehul: wa zai sha, wa zai kiyaye

Tambaya: Anti, na ga jan garehul a kasuwar 'Yan Lemo, amma ya fi lemon zaƙi tsada sosai. Ya cancanci kuɗinsa? (Wata mai karatu daga Kano)

Amsa: Garehul, wato ɗan'uwan lemo mai ɗan ɗaci da Turawa ke kira grapefruit, abu ne mai kyau, 'yar'uwa. A giram 100 nasa akwai bitamin C kusan miligiram 31, kalori kuwa 42 ne kacal. Jan launinsa daga sinadarin laikofin ne, irin wanda ke cikin tumatir da kankana, kuma ja ya fi fari bitamin A nesa ba kusa ba. Sai dai lemon zaƙin Binuwai ya fi shi bitamin C, gwaiba kuma ta ninka shi sau da yawa. In kina marmarinsa kuma aljihu ya yarda, ki ɗauki wanda ya yi nauyi a hannu, mai santsin fata. In kuɗin cefane ne za ki gutsura, lemo da kankana sun wadatar.

Tambaya: An ce in ina shan ruwansa da sassafe, tumbina zai zube cikin sati biyu ko da ban rage ci ba. Wane na kwali zan saya? (Wani magidanci daga Kaduna)

Amsa: Haba Malam! Tuwon dare malmala uku, ga lemon kwalba bayan kowace sallah, sannan kofi ɗaya ya wanke maka su? Babu wani ɗan itace da ke narkar da kitse. Wannan zance tun shekarun 1930 ake yaɗa shi a Amurka, yanzu ya iso wayoyinmu. Iyakar abin da garehul zai yi maka shi ne ya cika maka ciki in ka ci rabinsa kafin abinci, sai ka rage loma.

Na kwalin nan kuwa shi ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ka juya bayan kwalin ka karanta. Da yawansu ruwa ne da sukari da launi da ƙamshi, an liƙa hoton jan garehul a gaba, ɗan ruwan garehul ɗin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Mutum yana son rage ƙiba, sai ya biya kuɗi mai tsoka ya sayo sukari. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne garin "shayin rage tumbi" da ake tallarsa a WhatsApp, a ƙulla a leda, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, babu sunan wanda ya haɗa. Matan aure na cire kuɗin adashi suna saye, suna zawo su ɗauka aiki yake yi, alhali ruwan jikinsu ne ke tsiyayewa. In wani abu ya same ku, wa za ku kama? Ku riƙe kuɗinku, don Allah.

Tambaya: Na sayo wa mahaifina mai hawan jini, ya sha jiya da shekaranjiya. Yana shan maganin hawan jini na nifedipine. Yanzu aka ce mini da haɗari, na kasa barci. ('Yar jami'a daga Zariya)

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yata, alheri kika nufa, Allah ya yi miki albarka. Amma wanda ya gaya miki ya yi gaskiya. Garehul yana da wasu sinadarai da ke toshe abin da hanji ke amfani da shi wajen rage ƙarfin wasu magunguna, sai maganin ya taru a jini fiye da yadda likita ya tsara. Masu bincike a Kanada ne suka gano haka a 1989. Da nifedipine, jini na iya sauka ƙasa sosai, a ji jiri, ciwon kai ko bugun zuciya.

Baba ya daina shan garehul daga yau, amma kada ya daina maganinsa. Ba da tazarar awa biyu ko uku ba ta magance komai, domin tasirin kofi ɗaya kan kai kwana ɗaya zuwa uku. A auna jininsa, in yana jiri ku je asibiti ba tare da jira ba. Masu shan maganin kitsen jini irin su simvastatin da atorvastatin, da masu shan Coartem na zazzaɓin cizon sauro, su ma su kauce masa. Ki kai wa Baba lemon zaƙi, shi ba ya da wannan matsalar.